SHEKARAR JIRA: WANE AIKI YA KAMATA YARO YA KAMA KAFIN YA SHIGA KARATUN LIKITA?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin gidan likita, ya yi a wurin taron shekara. Mun buga shi duka domin ƴan'uwa na nesa da ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

  

Shugabanni sun ce in yi magana a kan yaranmu da suka ci jarrabawar bak, suna son karatun likita, amma ba su samu shiga a shekarar farko ba. Wani sunansa bai fito ba, wani takardunsa ba su cika ba, wani kuma gidansu ba su da kuɗin mota da na zama a birni. Sai yaro ya dawo gida da shekara guda a hannunsa. Abin tambaya shi ne: me zai yi da ita?

Kafin in ba da amsa, bari in tuna mana abin da ya sa maganar ta shafi kowa, har wanda ba shi da ɗa a lakkwal. Duk mun san yadda gidan likitan yara na Magarya yake cika daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro da tamowa suke haɗuwa a kan yaro ɗaya. Likitocin ƙungiyar MSF sun fara aiki a can tun 2005. A watan Satumba na 2018 sun ba da labarin yara fiye da 700 suna kwance a lokaci guda. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 sanƙarau ya kama mutum 559 a jahar Damagaram, 342 daga cikinsu a yankin Dungas. Ƙasar da take da irin wannan lalura tana bukatar likita ɗan gida, mai jin Hausa da Fillanci, wanda ya san hanyar Waca da ta Dogo-Dogo cikin damina. Saboda haka in yaro ɗaya mai ƙwaƙwalwar likita ya ɓace mana a cikin shekarar jira, asarar ta garin nan ce baki ɗaya.

Ƙofofin karatun ma sun ƙaru. A zamaninmu sai Yamai, inda aka buɗe makarantar koyon aikin likita a jami'a cikin 1974. Daga baya aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi a 2010, kuma kowace ta samu sashen karatun likita. Ga kuma makarantar ma'aikatan kiwon lafiya ta gwamnati a Damagaram, mai fitar da masu jinya da ungozoma. Amma karatun likita dogo ne, shekara bakwai zuwa takwas, kuma masu nema sun fi gurabe yawa. Wanda bai samu bana ba, dole ya zo baɗi a shirye.

To, ni a ganina da abu uku ake auna aikin shekarar jira. Na farko, yana barin yaro ya buɗe littafi kowace rana? Na biyu, yana kusantar da shi ga marasa lafiya, ya gani ko zuciyarsa za ta ɗauka? Na uku, aikin yana da ranar ƙarewa? Kun lura ban sa yawan kuɗi a ciki ba. Da gangan na yi, kuma zan dawo kan maganar kuɗin, domin na san ita ce take hana iyaye barci.

Bari mu fara da ayyukan da suka fi jan samarinmu. Akwai tafiya haƙar zinariya, wadda ta kwashe matasa tun da aka gano ta a Jado da Cibarakatan a 2014. Akwai Libiya da Aljeriya. Ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 ba, yawancinsu mata da yara daga maƙwabtanmu na Kance. Ko yaro ya je lafiya ya dawo lafiya, tafiya ce wadda ba ta da ranar dawowa. Ana cewa "sai na haɗa kuɗin mota", daga nan "sai na biya bashi", kafin a ankara lokacin ajiye takardu ya wuce sau biyu.

Akwai kabu-kabu da dakon kaya a bakin iyaka, da bin ƴan tireda zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sana'a ce ta halal, da ita da yawanmu muka riƙe gidajenmu. Amma mai kabu-kabu yakan fita da asuba ya dawo bayan isha'i, ido ya yi ja, ba ya iya karanta ko layi biyu. Kuma yaron da ya saba jin kuɗi a aljihu kullum, da wuya ya yarda ya koma ya zauna shekara takwas yana jiran bursu. Ku tuna kuma cinikin iyaka ba shi da tabbas. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023, kowa a nan ya ji a jikinsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tallar magani. Sai a ce ai yaron nan likita zai zama, bari a haɗa masa jari ya kasa ƙwayoyi a kasuwa, ko ya zauna a shagon magani yana yi wa mutane allura. Iyayena, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Takardar bak ba ta koya wa kowa awon magani ba. Allura ɗaya da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya ta shanye masa ƙafa. Maganin da ya kwana bakwai a rana ya lalace. Yaron da ya fara rayuwarsa da sayar da taramol ya ɓata sunansa tun kafin ya sa farar riga. Wannan aikin kada a bari ya kusance shi.

To, wane aiki ke nan? Ni shawarata ita ce a bi shekarar yadda Allah ya tsara ta, damina, kaka, ɗari da bazara, domin kowane lokaci da aikin da ya dace da shi.

Da damina, sakamakon bak yakan fito daidai lokacin rabon maganin rigakafin masassarar cizon sauro. An fara wannan rabo a ƙasarmu a 2013, kuma Magarya tana cikin wuraren farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko yaro yana sha a gaban mai rabo, sauran kwana biyun uwa ce take bayarwa a gida. Aikin yana bukatar masu iya rubutu da lissafi, masu bin gida gida. Yaro ya je wurin majo na gidan likitan da ya fi kusa da shi, tare da mahaifinsa ko mai gari, ya gabatar da kansa. Ko bai samu shiga cikin masu rabo ba, ya nemi izinin taimakawa ranar awo: ɗora jarirai a sikeli, cika rajista, jera mata a layi, fassara wa ma'aikacin da bai ji harshen garin ba.

A nan zai koyi abin da zai amfane shi har tsufa. Zai koyi auna dantsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku, ya san cewa in ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Zai koyi danna bayan ƙafar yaro da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, sai a tura shi babban gidan likita ba tare da jinkiri ba. A Mirriya an koya wa iyaye mata wannan awo sun iya, balle ɗan bak. Abin da ya fi wannan, zai ga jini, zai ji wari, zai ga uwa ta goya gawar ɗanta ta kama hanya. Gani ya kori ji. Wani zai fito daga nan niyyarsa ta ƙara ƙarfi. Wani zai ce shi kam ba zai iya ba, ya nemi karatun noma ko na malanta. Wannan ma riba ce, gara ya sani yanzu da ya sani bayan an kashe masa kuɗin shekara uku.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Kada ya taɓa allura ko ya rubuta magani, ko da an ce masa ya gwada. Kuma abin da ya gani a ɗakin awo ya mutu a cikinsa. Yaron da ya fito ya ba da labarin ciwon matar wani a majalisar shayi, ba shi da rabo a wannan aiki.

Da kaka, ya shiga gona. Girbin hatsi, roron wake, cirar gyaɗa da yankan riɗi ba su rage wa ɗan boko komi ba. Ni ina roƙon iyaye su ware masa gayauna tun farkon damina, abin da ta bayar a sayar a ajiye da sunan kuɗin mota da na rajista.

Da ɗari, in an koma lakkwal, aikin da na fi so masa shi ne koyarwa. Ya tara ƴan kolej masu shirin birbe da yamma, ko ya nemi wuri a makarantar kuɗi a Magarya, ya koyar da lissafi, kimiyyar jiki da ta sinadarai. Mai koyarwa dole ya yi bita, saboda haka ana biyansa ne a kan abin da ya kamata ya yi wa kansa. Shekarar farko ta karatun likita ita ce mai kayar da ɗalibai, kuma a kan waɗannan darussa take tsaye. Ya kula da Faransancinsa. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, mun yi murna, amma littattafan likita da Faransanci suke. Ƴan'uwa na Kano masu tunanin kai yaro jami'ar Bayero ko ta Zariya, ku sani can da Ingilishi ake yi, kuma akwai jarrabawar JAMB, sai a fara shiri tun yanzu.

Da bazara, takardu. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar makin bak, da kwafinsu masu hatimi. A duba harafi harafi. Na sha ganin suna ya bambanta tsakanin takarda da takarda, gyaran kuma sai an bi ta kotu, yana cin watanni. Yaro ya je Damagaram da ƙafarsa, tafiya ce ta kamar kilomita 90 daga Magarya, ya karanta sharuɗɗan shiga na shekarar a allon jami'a, ya tambayi ofishin bursu abin da ake bukata ga wanda ya ci bak bara. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Iyaye mata, maganar ƴan mata fa. In yarinya ta dawo gida shekara guda, masu neman aure za su yi sallama, mun sani. Ba na hana alheri. Amma mun san matanmu da yawa suna ɓoye ciwo saboda kunyar likita namiji, har abin ya gagara. Likita mace ɗaya daga garin nan za ta ceci rayukan da ba za mu iya ƙirgawa ba. In za a yi auren, a yi shi da sharaɗin karatu a gaban waliyyai da shaidu, a faɗi garin da za ta zauna da wanda zai biya. In ba za a iya ba, a ɗaga. A shekarar jira kuma a bar ta ta riƙa zuwa wajen ungozoma ranar awon ciki.

Yanzu ga maganar kuɗi. Gaskiya ce, ayyukan da na lissafa ba su da samu. Rabon magani na ƴan kwanaki ne a wata, taimako a gidan likita sau da yawa kyauta ne, kuɗin koyarwa kuma bai wuce na sabulu ba. Uban da rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka, in ya ce wa ɗansa tashi ka nemo, ba mugunta ya yi ba. A nan ne ƙungiya take da aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da nake roƙon taro ya duba. Magatakarda ya rubuta sunan duk yaron da ya ci bak yake jira, mace da namiji. A buɗe asusu na daban, ƴan cirani su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kowane wata, da sefa ko da naira, manoma kuma su ba da dami a kaka. Daga ciki a ba gidan yaron wani abu a madadin ciranin da bai je ba, a biya masa kuɗin takardu da na mota. A naɗa wa kowane yaro dattijo guda wanda zai riƙa tambayarsa inda aka kwana. Ƴan'uwa mazauna Damagaram, Maraɗi da Yamai su faɗa tun yau wanda zai iya ba da masauki. Shi kuma yaro ya yi alkawari a gaban taro cewa in lokacin ajiye takardu ya zo, zai bar duk abin da yake yi ya tafi.

Ku kuma samari da ƴan mata da kuke zaune a baya, ku ji da kyau. Rashin shiga bana ba faɗuwa ba ce. Abokanku za su dawo da babur da sabuwar salula, za a yi muku dariya kuna bin gidaje da rajista. Ku daure. Ku tashi da asuba ku yi karatun awa biyu kafin rana ta yi zafi, kowace rana, ko da Salla ce.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.  Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya. 

Sanarwa: za a tattauna maganar asusun a zama mai zuwa. Wanda yake da yaro mai jira ya kai sunansa wurin magatakarda kafin ranar.