Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Sinawa Ke Shirya 'Yan Sama Jannati



Masu shirya wannan taro namu na Kambaza sun nemi in yi ɗan bayani a kan kimiyya, shi ne na zaɓi in yi magana kan shirin da ƙasar Sin ke yi kafin ta harba mutum zuwa sararin samaniya. Da yawanmu mun taɓa ganin abin a talabijin: ana ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya, wuta ta kama, roka ta tashi. To, daƙiƙoƙin nan goma su ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin, domin shekaru ne tsaye a bayansu.

A shekarar 1992 gwamnatin Sin ta amince da shirin tura mutum sama. A 1998 aka zaɓi mutum 14 daga cikin matuƙa jiragen yaƙi sama da 1,500. Duk da haka ba a yi gaggawar ɗora kowa ba, sai da aka harba kumbon Shenzhou har sau huɗu babu mutum a ciki, daga 1999 zuwa 2002. Sai ranar 15 ga Oktoba 2003 Yang Liwei ya tashi daga sansanin Jiuquan da ke hamadar Gobi, ya kewaya duniya sau 14 cikin kimanin awa 21, ya sauko lafiya. Wato shekara 11 aka yi ana shirin tafiyar da ba ta cika kwana ɗaya ba.

Horon kuwa ba na wasa ba ne. Akwai na'urar da ke juya mutum da ƙarfi har ya ji nauyinsa ya ninka sau 8, kun ga mai kilo 60 zai ji kamar kilo 480 ne, kuma a cikin wannan hali ake so ya karanta allon da ke gabansa, ya amsa tambaya. Sukan shafe awoyi a cikin tafki sanye da rigar sama jannati, domin su saba da aiki inda babu nauyi. Akan kai su hamada da teku su koyi yadda za su rayu idan kumbo ya sauka inda ba a tsara ba. Ga kuma karatun lissafi da fizis, waɗanda malamanmu suka sha fama da mu a kansu.

Idan lokaci ya matso, akan keɓe su kada su kwashi ko da mura. Ita kuma rokar, mai suna Long March 2F, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 58, a tsaye ake harhaɗa ta cikin wani dogon gini, sannan a tura ta a hankali bisa layin dogo, tafiyar kilomita ɗaya da rabi, zuwa dandalin harbawa, kamar mako guda kafin ranar. A nan ake gwada komai, a yi atisaye da dukkan ma'aikata, sannan a ɗura mai.

Ranar tafiya, kimanin awa uku kafin lokaci, matafiyan kan fito sanye da rigunansu, su yi wa kwamanda gaisuwar soja, su nemi izinin tashi. Sai su shiga kumbo, a ɗaure su a kujeru, a rufe ƙofa, a tabbatar iska ba ta zurarewa. Daga nan jami'in da ake kira kwamanda mai lamba sifiri shi ke sanar da lokacin da ya rage, kowane sashe yana amsa masa cewa lafiya lau, har a zo daƙiƙa goma na ƙarshe. Ba da ka ake zaɓen lokacin ba. Tashar Tiangong, wadda aka kammala a 2022, tana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400, kuma dole a tashi daidai lokacin da hanyarta ta ratsa ta saman Jiuquan. Cikin kimanin minti goma kumbo ya shiga falakinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tanadin da suke yi domin ranar da abu zai ɓaci. A ƙololuwar rokar akwai wata ƙaramar roka da za ta fizge kumbon ta gudu da shi idan babbar ta sami matsala. Tun daga 2021 kuma, duk lokacin da mutane ke tashar, akwai wata roka da kumbo a ajiye suna jira. A Nuwamba 2025 wannan tanadi ya yi rana, domin tagar Shenzhou 20 ta tsage, ana kyautata zaton tarkacen sama ne ya buge ta. Mutum ukun da suka zo da shi suka dawo gida a cikin Shenzhou 21, aka kuma harba Shenzhou 22 babu kowa ciki domin waɗanda suka rage.

Mu ma Nijeriya mun ɗanɗana wannan darasi. Sinawa ne suka harba mana tauraron sadarwa NigComSat-1 daga Xichang a watan Mayu 2007, ya daina aiki a Nuwamba 2008 saboda matsalar faifan da ke samar masa da lantarki daga hasken rana, sai a Disamba 2011 aka harba madadinsa. Na'ura tana da madadi, amma rai ba shi da shi, shi ya sa ake wannan dogon shiri.

'Yan uwa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu yanzu muna riƙe da amanar jama'a a ofisoshi da asibitoci da azuzuwa. Kafin mu sa ranar buɗe wani aiki, mu tambayi kanmu: an gwada shi? Wa aka horar ya kula da shi? Idan ya lalace, ina madadinsa? Ƙannenmu da ke aji yau kuwa, mu gaya musu cewa lissafin da suke gudu shi ne matakin farko na wannan tafiya.