Abin da Yaro Yake Shigowa da Shi Ajin Koyon Harshe

Darasin harshe ɗaya, daga littafi ɗaya, yakan haifar da sakamako mabambanta, domin ɗalibi ba ya shiga aji hannu rabbana. Yana zuwa da harshen uwa, wato harshen da ya buɗe baki da shi a gida, da kuma salon karatun da ya saba da shi tun kafin a sa shi firamare. Manufar ilimi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta amince da haka, inda ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa kafin a koma Turanci, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, wanda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa Turancinsu bai gaza na takwarorinsu ba.

A ƙasar Hausa, inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne wajen yaron da ya fara da makarantar allo. Wannan yaro ya yi babbaƙu, wato sanin baƙaƙen Larabci, ya yi farfaru, wato haɗa su da wasulla, hannunsa ya saba da tafiya daga dama zuwa hagu, kunnensa kuma ya goge wajen hadda. Idan ya faɗa aji mai cunkoso, inda littafi bai wadata ba, malami yakan rubuta jimloli a allo ya karanta yara su amsa baki ɗaya, sai yaron ya haddace su cikin ƙanƙanin lokaci, a ɗauka ya iya karatu. Ranar da aka buɗe masa shafin da bai taɓa ji ba, sai ya tsaya cak. Abin takaici shi ne yawanci akan ɗora masa laifin rashin ƙoƙari, alhali kuwa hanyar koyarwar ce ta dogara da haddarsa, ta kasa gina sabon karatu a kan sanin da yake da shi na cewa kowane baƙi yana wakiltar sauti.

Furuci ma yana da tasa matsalar, domin Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" yadda Turanci yake yi, kuma takan saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, don haka malamin da ya san wannan yakan ware wa waɗannan wurare lokaci na musamman.

Ko a darasin Hausa kanta ba a tsira ba, saboda Daidaitacciyar Hausa, wato wadda aka amince a riƙa rubutu da ita, ta fi kusa da karin harshen Kano. Yaron Sakkwato da ya rubuta "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa" yakan sha jan biro a jarrabawa, ko da yake bai yi kuskure a harshensa ba, kuma abin da yake bukata shi ne a bayyana masa cewa ƙa'idar rubutu ce ake koya masa, ba gyara masa maganar iyayensa ake yi ba.