Majigin Lissafi da Kimiyya da Hausa: Ina Ma'aikata, Ina Darussa?

(Jawabin da kwamitin ilmi ya gabatar a taron ƙungiya, Wuro Patuji, Mubi)





Abin da ya tara mu yau magana ce a kan 'ya'yanmu da lissafi. Kowa a nan ya san garin Mubi garin makarantu ne. Ga Foliteknik ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, ga Kwalejin Koyon Aikin Lafiya. Ɗalibai suna tahowa daga nesa su kama haya a gidajenmu, su yi karatu su tafi da takardarsu. To, mu namu fa? Yaron da bai ci lissafi ba a jarrabawar fita sakandare, ba zai shiga fannin injiniya ko kimiyya ko aikin asibiti ba, ko da kuwa katangar makarantar tana jikin gidan ubansa. Ga shi kuma mun sha wuya. A farkon Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai da wasu mazauna a cikin wannan unguwa tamu, Allah ya ji ƙansu. A ƙarshen Oktoba 2014 kuma 'yan Boko Haram suka shigo garin, jama'a suka watse, makarantu suka yi watanni a rufe. Karatun da ya yanke a wancan lokaci, ba kowane gida ne ya iya ɗinke shi ba.

Shawarar da muka zo da ita ita ce mu riƙa shirya gajerun finafinai na zane mai motsi, wato katun, na minti uku zuwa biyar, kowanne ya bayyana abu ɗaya tak na lissafi ko kimiyya, da Hausa, yadda yaro zai kalla a wayar uwarsa ya gane. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. Dattawanmu sun tuna majigi, lokacin da motar gwamnatin Jihar Arewa take zuwa gari da magariba a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a noma da tsabta, irin su fim ɗin Baban Larai. A 1949 aka fara fitar da littattafan Ikon Allah, waɗanda Dokta East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta don bayyana halittu da Hausa. Kafin su da nisa, akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe ke nan gado muke nema mu ɗauka.

A waje ma haka ake yi. A Amurka akwai wani malamin lissafi, Grant Sanderson, wanda ya buɗe tasha a YouTube mai suna 3Blue1Brown, ya kuma ƙirƙiri wata manhaja mai suna Manim don motsa zanen lissafi, ya sake ta kyauta. A 2021 ya buɗe gasar bayanin lissafi, inda masu ilmin da ba su iya zane ba suka riƙa neman masu zanen da ba su da darasi, suka haɗu suka yi aiki. A Tanzaniya kuma an kafa Ubongo a 2013, suna yi wa yara katun na lissafi da kimiyya da Suwahili. Darasin da ke ciki shi ne, mutum ɗaya ba ya haɗa komai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, su wa muke nema? Kowane fim yana bukatar hannu shida.

Na farko mai ilmin abin, wanda zai tsaya ya ce wannan daidai ne, wannan kuskure ne. Malaman lissafi da kimiyya na firamare da sakandare, da waɗanda suka yi ritaya suna zaune a gida, ku muke nufi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu mai tsara magana, wanda zai karɓi bayanin malam ya mayar da shi Hausar da ake yi a tsakar gida. Fim na minti uku ba ya cin fiye da shafi ɗaya da rabi na rubutu, saboda haka kowace kalma sai an auna ta.

Na uku mai zane. Masu rubuta allon shaguna, masu zanen jikin mota, masu ɗinkin hula, da 'yammata masu zanen lalle, duk hannunsu ya faɗa da layi da da'ira.

Na huɗu mai murya, namiji ko mace, wanda ba ya sauri, ba ya cin kalma.

Na biyar mai haɗawa a kwamfuta. A nan ne muke roƙon ɗaliban da ke haya a gidajenmu, musamman masu karatun kwamfuta da lissafi. Don a san nauyin aikin: in za a nuna hoto 12 a kowace daƙiƙa, fim na minti uku yana cin hoto 2,160. Ba mai zana wannan da hannu ya gama a kan lokaci. Amma da manhajojin kyauta irin su Manim da Blender da GeoGebra, kwamfuta ce take cike tsakanin hoto da hoto. In ma kwamfuta ba ta samu ba, ana iya yanka kwali, a ɗaure waya a bisa tebur, a riƙa matsar da kwalin kaɗan-kaɗan ana ɗauka. Shi ma motsi ne.

Na shida masu gwaji, wato yaran kansu. Kafin a saki fim, a tara yara biyar ko shida su kalla, sa'an nan a ce su maimaita abin da suka gane. In sun kasa, a koma a gyara fim ɗin, kada a zargi yaro.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu matan aure, kada ku ce wannan na maza ne. Tsara magana da ɗaukar murya ana yin su a cikin ɗaki, ba sai an fita ba. Haka kuma mu tuna mu zama ya kawo mu, a tsakiyar Fulani da Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi muke, kuma 'ya'yansu da namu aji ɗaya suke zama. Mu gayyace su tun daga farko. A riƙa ɗaukar murya daban da hoto, domin gobe a iya cire Hausa a ɗora Fulatanci ko wani harshe a kan zane ɗaya, ba tare da an sake aiki ba.

Sai batun darussa. Wani zai ce a ɗauko littafin makaranta a bi shi daga shafi na ɗaya. Mu ba haka muka gani ba. Mu fara da abin da yaro yake gani kullum, sa'an nan mu kai shi ga abin da ke cikin littafi. Ga misalai.

Magini in zai fitar da kusurwar ɗaki, yakan auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, ya tabbatar tsakaninsu 5 ne. Me ya sa? Domin 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida, a haɗa su 25, wato 5 sau 5. Wannan ita ce ƙa'idar Fisagoras da take ba yara tsoro. A katun sai a gina murabba'i a kan kowane gefe na alwatikar, a kwashe tubalan ƙananan biyu a zuba cikin babban, yaro ya ga sun cika shi cif.

A kasuwar shanu ko ta hatsi: kaya yana naira 100, aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, ya zama 120. Daga baya aka rage kashi 20 cikin ɗari. Yawancin mutane za su ce ya koma 100. Ina! Ya koma 96, domin kashi 20 na 120 shi ne 24. Duk ɗan kasuwar da bai san wannan ba, wata rana zai yi asara bai san ta inda ta shigo ba. Canjin naira da sefa, wanda muke yi da 'yan'uwanmu na Kamaru, shi ma darasi ne cikakke.

Rabon gado: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa da 'ya. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. A kasa dukiyar kashi 72: mata 9, uwa 12, saura 51, ɗa ya ɗauki 34, 'ya 17. Malamanmu na zaure sun daɗe suna wannan lissafi, kuma shi ne dai darasin kason lamba da ake yi a firamare. A nan dole malamin zaure da malamin boko su zauna tabarma ɗaya.

Hatimi mai gida tara: a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15. Me ya sa 15? Domin jimlar lambobin 45 ce, layuka kuma uku ne.

A fannin kimiyya: don me ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Domin sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa, haske kuwa kamar ƙiftawar ido. In yaro ya ƙirga daƙiƙa uku tsakaninsu, to, abin ya faru a nisan wajen kilomita ɗaya. Ga zaizayar ƙasa da take cin gonaki da gidaje a gefen kogin Yedzaram da kwaruruwan gari: a nuna yadda ruwa yake gudu a ƙasa tsirara, da yadda saiwa take riƙe ta. Ga yadda sauro yake ɗaukar zazzaɓi daga jiki zuwa jiki. Ga lissafin farantin sola da batir. Ga kuma husufi: a ran 29 ga Maris 2006 rana ta rufe ɗungum a wajejen Gusau da Katsina da Maraɗi, kuma masana sun lissafa za a yi wani ran 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana ɗungum a Makka da Jidda. A nuna yadda wata yake gilmawa tsakanin rana da ƙasa, inuwarsa ta faɗo mana.

Waɗannan namu ne. Sauran darussan muna so su fito daga gare ku. Malamai, ku rubuto mana wuri uku da ɗalibanku suka fi tuntuɓe. Iyaye, duk tambayar da yaro ya yi muku kuka ce masa ya yi shiru, ku kawo mana ita. Za mu auna kowace da ma'auni uku: shin ana iya zana ta, shin za ta ƙare cikin minti biyar, shin tana cikin manhajar makaranta ko tana da amfani a sana'a?

Akwai sharuɗɗa da ya kamata mu amince da su tun yanzu, don gudun ɓacin rai. Ɗaya, ba a sakin fim sai malamai biyu sun duba shi, domin kuskuren da ya shiga waya ba ya fitowa. Biyu, tunda da Turanci ake jarrabawa, duk kalmar da aka faɗa da Hausa a rubuta ta Turancinta a jikin hoton, yaro ya riƙe biyun. Uku, a buɗe littafi guda na kalmomi, yadda abin da aka kira kusurwa yau ba za a kira shi wani abu gobe ba. Huɗu, sunan kowa da ya yi aiki ya fito a ƙarshen fim, kuma a rubuta yarjejeniya a kan kuɗi tun ba su shigo ba. Biyar, ba a sa fuska ko muryar yaro sai da yardar iyayensa. Shida, fim ya zama mara nauyi, wanda za a tura ta WhatsApp ko a ba masu tura finafinai a shagunan caji su raba kyauta.

Abin da muke roƙo bai da yawa: aron kwamfuta ɗaya, ɗaki mara hayaniya don ɗaukar murya, da wurin caji. Burinmu na farko finafinai uku ne kafin ƙarshen zangon karatu: na magini, na kasuwa, da na walƙiya. Sannu ba ta hana zuwa. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda mai gida shida, kowa ya duba inda ya dace da shi ya sa sunansa kafin ya fita. Masu gidajen haya kuma, don Allah ku isar da wannan saƙo ga ɗalibanku yau da dare.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba garinmu zaman lafiya mai ɗorewa.