Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Haƙƙin Matan Da Aka Cire Wa Nono Lokacin Korona

A gafarce mu, maganar yau akwai nauyin faɗa, amma ɓoye ta ya fi cutarwa.

Kowa ya tuna shekarar 2020. A ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko mai cutar korona a Legas, kuma ranar 30 ga Maris aka kafa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. A ƙasashe da yawa asibitoci sun jingine duk tiyatar da ba ta gaggawa ba ce. A Ingila ma, ƙungiyar likitocin tiyatar nono ta ba da shawarar a cire ciwon sankara, amma a dakatar da sake gina nonon sai gaba. To, korona ta lafa, amma akwai matan da aka cire musu nono a wancan lokaci, har yau ba su san ana iya gyarawa ba.

Ku sani, ana gyarawa. Likita kan sa roba ta musamman a ƙarƙashin fata, ko ya ɗebo tsoka da fata daga baya ko cikin matar ya haɗa nonon. Ana yi ranar da aka cire, ana kuma yi bayan shekaru. Saboda haka wadda ta rasa a 2020, ƙofa ba ta rufe mata ba. Likita ne zai duba, musamman in an yi mata gashi. Wadda ba ta son wata tiyata, akwai nonon roba da ake sawa cikin rigar mama.

Yanzu ga haƙƙinmu. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majiyyaci hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, kuma in da hali, cikin harshen da yake ji. Ke nan uwarmu da ba ta jin Turanci ko Yarbanci tana da ikon neman tafinta kafin ta dangwala hannu a takardar tiyata. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali. Zama baƙo a gari bai rage mana komai a asibitin gwamnati ba.

Batun kuɗi kuwa, tiyatar da tsada. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a asibitoci 6, ciki har da Asibitin Koyarwa na Ibadan. A je ofishin jin daɗin majiyyata a tambayi abin da tallafi ko inshora za su ɗauka, kafin a sayar da kadara.

Roƙonmu ga magidanta: kada a saki mace ko a ƙaurace mata don an yi mata wannan aiki. A raka ta asibiti, a adana takardunta, kuma a bar mata zaɓi, domin jikinta ne. Ku kuma iyayenmu mata, duk wadda ta ji ƙullutu a nono ta garzaya asibiti. In an gano da wuri, wani lokaci ba sai an cire nonon duka ba.

Mai neman tafinta ko 'yar rakiya ya ga shugabar mata bayan taro. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.