Hoton Hasken Tocila Ba Hujja Ba Ne

Batunmu na yau shi ne tocilan LED masu ƙarfin haske, da hotunan da ake tallata su da su. Hoto ba hujja ba ne sai an ɗauke shi bisa adalci. Ga dalili. Kyamarar waya tana gyara haske da kanta: in duhu ya yi ta ƙara, in haske ya yi yawa ta rage. Sai tocila mai rauni ta fito da ƙarfin da ba ta da shi. Don haka mai gwada tocila biyu ya kulle saitin kyamara da hannu. Bango ɗaya, nisa ɗaya, batir a cike. Ya kuma ɗan jira, domin tocila da yawa suna rage haske idan sun ɗau zafi.

Wani zai ce ai ido ya isa shaida. To, ido ma yana sabawa da duhu. Wani zai ce a duba lumen a jikin kwali. Lumen jimillar haske ce, ba ta faɗin nisan da yake kaiwa. Saboda haka, kafin ku yarda da hoto, ku tambayi yadda aka ɗauke shi.