Asibitin Tafi-da-Gidanka ga Marasa Matsuguni

Asibitin tafi-da-gidanka ayari ne na ma'aikatan lafiya da ke ɗaukar magani da kayan gwaji su je wa marar lafiya har inda yake. Wani lokaci da mota ake fita, wani lokaci kuma babur biyu ne da akwati da tabarma. Marasa matsugunin da ake nufi a nan su ne almajiran da ke kwana a zaure da rumfunan kasuwa, da 'yan dako da 'yan ci-rani da ke kwana a tasha, da masu taɓin hankali da ke gararamba a titi, da iyalan da ambaliya ta raba da gidajensu, kamar yadda ya faru a fadamun Kebbi a daminar 2020.

A Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, kamar sauran ƙananan hukumomi, aikin lafiya da gida yake ƙirga mutum. Masu ɗigon shan-inna gida-gida suke bi, idan sun gama su yi alama da alli a jikin bango. Masu rabon gidan sauro sai sun rubuta magidanci da yawan iyalinsa. Maganin rigakafin zazzaɓin damina, na yara 'yan wata 3 zuwa 59, a tsakar gida ake miƙa wa uwa. Wanda ba shi da bangon da za a shafa wa alli, lissafi yakan tsallake shi ba tare da kowa ya yi nufin haka ba. Kalgo na da babban asibitin jiha, Birnin Kebbi ma na kusa. Amma abin da ke tsare almajiri a bakin ƙofa shi ne kuɗin kati, da kuɗin magani, da rashin mai jinyar da zai zauna da shi idan an ba shi gado.

Zazzaɓin cizon sauro ne ke kan gaba a cututtukan da ayarin ke tararwa. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, adadin da ya zarce na kowace jiha, kuma Kebbi da Bayelsa ne aka fara kai wa allurar rigakafin cutar a Disamban 2024. Mai kwana a fili kuwa ba shi da ma inda zai rataya gidan sauro. Bayan zazzaɓi sai cututtukan fata. Ƙazuwa takan fito a tsakanin yatsu da wuyan hannu, ta hana barci da dare, kuma idan yara goma na raba tabarma ɗaya, duk goman ake shafa wa magani rana guda, a wanke tufafi a shanya a rana. Idan ɗaya kawai aka yi wa, aikin baban giwa ne. Akwai makero a ka, da gyambon da ya fara daga ɗan yankan kwalba a ƙafar da ba takalmi, da fitsarin jini ga masu wanka a tafki. Sanƙarau kuma cunkoson wurin kwana take bi a lokacin zafi. A farkon 2025 ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, ta yi kisa.

Wannan aiki yana da tarihi a wasu ƙasashe. A birnin Paris na Faransa, likita Xavier Emmanuelli ya kafa ƙungiyar Samusocial a 1993, wadda motocinta ke zagaya gari da dare suna neman masu kwana a titi. Daga baya tsarin ya iso Bamako da Dakar, inda ake bin yaran titi, cikinsu har da almajirai. Babban abin koyi a wurinsu shi ne lokacin fita. Da rana marar matsuguni ya bazama neman abinci, ba a samunsa sai bayan isha'i ko da asuba. Sannan ana komawa wuri guda a rana guda ta mako, har a saba da fuskokin ma'aikata, domin wanda aka sha kora ba ya sakin jiki da baƙo a zuwan farko.

A ƙasar Hausa akwai hannayen da za su iya ɗaukar aikin: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala, da na Fityanul Islam, da Red Cross, da ɗaliban makarantun kiwon lafiya, da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya. Sai dai dole ayari ya kasance da ma'aikacin lafiya mai lasisi. Ɗan agaji yana wanke ciwo, ya ɗaure, ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Allura da rubuta magani ba nasa ba ne. Kafin a shimfiɗa tabarma kuma, sai an gai da mai unguwa, da malamin tsangaya, da sarkin tasha, an kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Inda aikin ya fi wuya shi ne bibiya. Gwajin zazzaɓi da ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti ashirin, amma maganin kwana uku ake sha, safe da yamma, kuma yaro yakan ajiye shi da zarar jiki ya yi sanyi. Shi ya sa ake damƙa shi ga malam ko gardi. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma wata shida ake sha ba fashi, don haka ayari yakan rubuta sunan mai tari, da laƙabinsa, da rumfar da yake kwana.

Akwai alamomin da ba a tsayawa yi musu magani a kan tabarma: sanƙarewar wuya da zazzaɓi, jijjiga, fita hayyaci, gudawa kamar ruwan shinkafa, numfashi sama-sama, da jini ga mai juna biyu. Masu irin waɗannan asibiti ake kai su nan take, ɗaya daga cikin 'yan agaji kuma ya tsaya musu a matsayin mai jinya har a sallame su.