Maganin Hawan Jini Da Bugun Zuciya

Yau za mu yi magana a kan ƙwayoyin hawan jini, da abin da su kan yi wa bugun zuciya.

Ku sani zuciya kamar doki ta ke. Mahayinta kuwa waɗansu jijiyoyi ne masu aiki ba da umurninmu ba, ko muna barci. Kashi ɗaya ƙaimi ne, su ke zaburar da ita in mutum ya firgita ko ya ɗauki kaya. Kashi ɗaya linzami ne, su ke sa ta natsu. Ga baligi mai hutawa, bugu 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya shi ne daidai.

To, atenolol da ɗan'uwansa propranolol, wanda wani Bature, James Black, ya gano a shekarun 1960, dushe ƙaimin nan su ke yi. Sai zuciya ta rage sauri, jini ya sauka. Amma ga inda haɗari ya ke. Wanda ya daɗe yana sha, sa'an nan ya yanke rana ɗaya, don ya ji sauƙi ko don kuɗi sun ƙare, ƙaimin zai komo da kaifi fiye da na dā. Zuciya ta yi ta sukuwa, mai ciwon zuciya kuwa har ya kan rasa ransa. Kada ka bari sai ƙwaya ta ƙare kafin ka zo. Mai ciwon fuka kuma lalle ya faɗa tun ba a rubuta masa ba.

Amlodipine da nifedipine hanyoyin jini su ke buɗewa, shi ya sa wani ya kan ji faɗuwar gaba ko ƙafa ta kumbura. Methyldopa, wanda a kan ba masu ciki, daga ƙwaƙwalwa ya ke rage ƙaimin. Ya kan kawo barci, da jiri in an miƙe farat ɗaya. Saboda haka in za ka tashi daga tabarma, fara zama tukuna, balle da zafin bazara ko cikin azumi.

Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa, ka ƙidaya na minti ɗaya. In bugun ya kasa 50, ga jiri ko suma, kada ka jira gobe. A kai ka ɗakin shan magani ko Babban Asibitin Gwarzo, a tafi da sauran ƙwayoyin cikin takardarsu, don malamin asibiti ya ga irin wadda ka ke sha.